Shekara Takwas na Obama a Majalisar Jihar Ilinoi: Aiki Ya Yi ko Baki Ne Kawai?

Tambaya: "Malam, na sha jin ana cewa kafin Barack Obama ya zama shugaban Amurka ɗan majalisar jiha ne. Don Allah me ya yi a can, kuma wane fanni ya fi mayar da hankali a kai? Ko dai iya magana ce kawai ta kai shi inda ya kai?"

Malam, ɗan majalisar jiha ne kuwa, kuma ba leƙe ya yi ya wuce ba. An rantsar da shi sanata a majalisar jihar Ilinoi ranar 8 ga Janairun 1997, bai ajiye kujerar ba sai Nuwamban 2004. Kusan shekara takwas ke nan, ninki biyu na zaman da ya yi daga baya a majalisar dattawa ta tarayya. Ya yi aiki, wannan babu ja. Sai dai in ka jera dokokin da ake kiran sunansa a kansu, za ka tarar mafi yawansu a shekara biyun ƙarshe suka fito, kuma ba don ya ƙara ilimi ko fasahar baki a lokacin ba. Shugabancin majalisar ne ya sauya hannu, ya koma wurin ubangidansa a siyasa, Emil Jones.

Kafin mu je can, sai ka san irin majalisar da ake magana a kai, don ba irin tamu ta Najeriya ba ce duk da cewa daga Amurka muka kwaso tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. Kowace jiha a can majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, in ban da Nebraska mai guda ɗaya. A Ilinoi wakilai 118 ne, sanatoci 59, suna zama a Springfield, tafiyar sa'a uku da 'yan kai a mota daga Shikago. Ikonsu ya fi na majalisun jihohinmu nesa ba kusa ba: su ke yi wa 'yan sanda doka, su ke yanka harajin albashi na jiha, su ke faɗin wane talaka gwamnati za ta biya wa kuɗin asibiti. Amma aikin ba na cikakken lokaci ba ne. Duk tsawon shekarun nan Obama bai daina koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Shikago ba.

Shigarsa ba ta yi kyan gani ba. A 1995 kujerar gunduma ta 13, wadda ta haɗa unguwar Hyde Park da wasu unguwannin baƙar fata na kudancin Shikago, tana hannun wata mata mai suna Alice Palmer. Ta tafi neman wata kujerar majalisar wakilai ta tarayya da ta rasa mai ita, ta nuna Obama a matsayin magajinta. Sai ta sha kaye a hannun Jesse Jackson ƙarami, ta dawo tana son kujerarta. Manyan unguwa suka roƙi Obama ya janye, ya ce shi fa alkawari aka yi da shi. A dokar jihar, sai ɗan takara ya tara sa hannun wani adadi na masu rajistar zaɓe kafin a sa sunansa a takardar ƙuri'a, ita kuwa Palmer a gurguje ta tara nata. Mutanen Obama suka bi takardun layi-layi suna ƙalubalantar duk sa hannun da bai cika sharaɗi ba, har nata ya gaza, haka ma na sauran 'yan takara uku. Shi kaɗai ya tsaya a zaɓen fid da gwani na Maris 1996. Bai karya doka ba, kuma salo ne da aka saba da shi a Shikago. Amma dai mutumin da a 1992 ya jagoranci gangamin yi wa mutane kusan 150,000 rajistar zaɓe, shi ne ya ci kujerarsa ta farko ba tare da masu zaɓen sun sami wanda za su gwada shi da shi ba. Duk mai ɗaukar Obama a matsayin malamin jami'a mai sanyin hali da siyasa ta faɗo wa daga sama, to ya fara duba wannan.

Da ya isa Springfield ya tarar da majalisar dattawan a hannun 'yan Rifablikan, ƙarƙashin James Philip, wanda aka fi sani da Pate, mutumin da ba ya ɓoye ƙyamarsa ga Shikago da 'yan siyasarta. Kowane ƙudiri sai ya bi ta kwamitin tsara aiki, kwamitin kuwa a aljihun shugaban majalisa yake. Ɗan marasa rinjaye ya kawo ƙudiri komai kyansa, a nan zai kwana, ko karatu na biyu ba zai gani ba. Haka Obama ya yi shekara shida.

Cikin gida ma bai sami sauƙi ba. Wasu sanatoci baƙar fata na jam'iyyarsa ta Dimokurat, musamman Rickey Hendon da Donne Trotter, sun mayar da shi abin tsokana: ɗan Harvard, haifaffen Hawai, mazaunin unguwar malaman jami'a, me ya sani game da wahalar baƙar fata? In ya tashi magana sai ya ɗauko ta tun daga tushe kamar yana aji, mutane su yi ta duba agogo. Abin da ya cece shi ba jawabi ba ne. Ya shiga zaman karta da ake yi da dare a masaukin wani sanata, Terry Link, inda 'yan jam'iyyun biyu da masu kamun ƙafa na kamfanoni ke haɗuwa, ya kuma koyi wasan golf. Abokansa na kusa a majalisar suka zama fararen fata daga ƙananan garuruwa da bayan gari, kuma ƙuri'un irinsu ne ya buƙata daga baya.

Sai kuma Emil Jones, jagoran marasa rinjaye, tsohon mai duba magudanun ruwa na birnin Shikago, ɗan siyasar gargajiya wanda ya taso ta hannun iyayen gida. Sun san juna tun shekarun 1980, lokacin da Obama ke aikin haɗa kan talakawan unguwannin kudancin birnin. Jones ne ya miƙa masa aikinsa babba na farko, wanda tsofaffin majalisar ba sa so: gyaran dokar ɗa'a da kuɗin kamfe. Ka san Ilinoi ta yi suna wajen cin hanci. A lokacin tsofaffin gwamnoninta biyu, Otto Kerner da Dan Walker, sun riga sun ɗanɗana kurkuku, daga baya George Ryan da Rod Blagojevich suka bi sahu. Kafin 1998, ɗan majalisa na iya ɗibar kuɗin kamfe ya sayi mota ko ya biya wa ɗansa makaranta, muddin ya biya haraji a kai. Tsohon sanatan tarayya Paul Simon ya haɗa ɗan kwamiti na mutum huɗu daga jam'iyyun biyu, Obama na wakiltar sanatocin Dimokurat, Kirk Dillard na wakiltar na Rifablikan. Dokar da suka fitar a 1998 ta hana cin kuɗin kamfe don buƙatar kai, ta hana yawancin kyaututtukan masu kamun ƙafa, ta kuma wajabta bayyana masu ba da gudummawa ta kwamfuta yadda ɗan jarida zai iya bincika. Amma dubi farashin da aka biya kafin ta wuce: an bar wa tsofaffi damar cin abin da suka riga suka tara kafin dokar, kuma ba a sa iyaka ga yawan kuɗin da mutum ɗaya zai iya bayarwa ba. Wannan iyakar sai a 2009 aka yi dokarta. Tun daga nan salon Obama ya bayyana, kuma bai sauya ba har Fadar White House: ya karɓi rabi yau, ya bar sauran ga gobe.

Sauran abin da ya samu a shekarun ƙunci ya shafi talaka mai aiki. Da gwamnatin shugaba Bill Clinton ta sauya tsarin tallafin marasa galihu a 1996, ta ce sai mai karɓa ya nemi aiki, kowace jiha ta rubuta yadda za ta aiwatar, Obama na cikin waɗanda suka zauna da 'yan Rifablikan a kan ta Ilinoi, yana nema wa iyaye mata tallafin renon yara don su iya fita aikin. A 2000 kuma yana cikin masu ɗaukar nauyin rangwamen haraji ga masu ƙaramin albashi, kashi 5 cikin 100 na irin wanda tarayya ke bayarwa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ƙofa ce aka buɗe, kuma an faɗaɗa ta daga baya.

Gajiya da zaman marasa rinjaye ce ta sa ya yi wa kansa ɓarna a 2000. Ya fito neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya a kan Bobby Rush, tsohon jagoran Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata, a jihar, wanda jama'ar gundumar ke ganin nasu ne tun zamanin gwagwarmaya. Ana cikin haka aka harbe ɗan Rush har lahira a Oktoban 1999, tausayi ya koma wajensa. A Disamba kuma gwamna Ryan ya kira zama na musamman kan dokar bindiga, Obama yana Hawai, 'yarsa ba ta da lafiya, bai dawo ba, ƙudirin ya faɗi, jaridu suka yi masa ca. Rush ya sami kusan kashi 61, Obama kusan 30.

Abin da ya juya masa al'amura ƙuri'ar sa'a ce, a zahirinta. Bayan kowace ƙidayar jama'a ana sake shata gundumomi, kuma tsarin mulkin Ilinoi ya ce in jam'iyyun biyu suka kasa daidaitawa, a rubuta suna biyu a zaro ɗaya ya zama mai raba gardama. A 2001 sakataren jiha Jesse White ya sa hannu cikin wata hula irin doguwar nan ta Abraham Lincoln, ya zaro sunan ɗan Dimokurat. Don haka 'yan Dimokurat ne suka zana taswira. Gundumar Obama aka miƙe ta arewa ta bakin tafki har ta haɗiye tsakiyar birni da unguwar attajirai ta Gold Coast, wato inda masu ba da kuɗin kamfe suke. A zaɓen 2002 Dimokurat suka karɓe majalisar dattawa da kujerar gwamna, Emil Jones ya zama shugaban majalisa a Janairun 2003. Jones da bakinsa ya sha ba da labarin yadda Obama ya zo ya ce masa yanzu yana da ikon da zai iya samar da sanatan tarayya, da ya tambaye shi wa yake nufi, ya ce shi kansa. Aka ba shi shugabancin kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a, aka fara turo masa manyan ƙudirori.

A ganina aikin da ya fi cancantar a tuna shi da shi a jihar shi ne dokar ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a bidiyo. Daga 1977 zuwa 2000 Ilinoi ta zartar da hukuncin kisa kan mutum 12, a daidai wannan tsakanin kuma aka saki mutum 13 daga ɗakin jiran mutuwa bayan shari'arsu ta rushe. Wannan ya sa gwamna Ryan, ɗan Rifablikan mai goyon bayan hukuncin kisa, ya dakatar da zartarwa a Janairun 2000. Ga kuma badaƙalar Jon Burge, wani kwamandan 'yan sanda a kudancin Shikago, wanda shi da yaransa suka shafe kusan shekara ashirin suna gana wa baƙar fata sama da 100 azaba da lantarki da toshe numfashi da leda har sai sun amsa laifi. Kwanaki kaɗan kafin Ryan ya sauka a Janairun 2003, ya yafe wa mutum huɗu da suka ce da azaba aka sa su amsa laifi, ya kuma sassauta wa sauran 167 hukuncin.

Ƙudirin Obama ya ce duk wanda ake tuhuma da kisan kai, a ɗauki tambayoyin da aka yi masa a ofishin 'yan sanda tun daga farko, ba wai a kunna kyamara sai an gama lallasa shi ya zo karanta amsa laifi ba. Kusan kowa ya ƙi. 'Yan sanda suka ce za a ɗaure musu hannu. Masu gabatar da ƙara suka ce masu laifi za su riƙa kuɓuta saboda ƙaramin kuskure. 'Yan Dimokurat suna tsoron a ce suna goyon bayan ɓarayi. Sabon gwamna Blagojevich, ɗan jam'iyyarsa, shi ma da farko bai yarda ba. Abin da Obama ya yi shi ne ya tara su a teburi ɗaya, zama bayan zama, yana tambayar kowa takamaiman abin da ke damunsa, yana gyara rubutun. In na'ura ta lalace fa? Aka sa uzuri. In wanda ake tuhuma ya ce ba zai yi magana gaban kyamara ba? Aka sa uzuri. Ƙananan garuruwan da ba su da kuɗin kyamara? Aka yarda da ɗaukar murya, aka ba su shekara biyu su shirya. Amsa laifin da ba a ɗauka ba, ba a ce an jefar da ita kwata-kwata ba, an ce kotu ta fara da ɗaukarta a matsayin marar inganci sai mai ƙara ya nuna da son rai aka yi ta. Hujjar da ta fi cin 'yan sanda kuwa tasu ce: faifan da ke kare marar laifi, shi ne kuma ke hana mai laifi ya zo kotu ya yi ƙaryar an doke shi. Ƙudirin ya wuce majalisar dattawa babu ƙuri'ar adawa ko ɗaya, gwamna ya sa hannu a Yulin 2003. A jihohin Alaska da Minnesota kotuna ne suka tilasta irin wannan tun da farko. Ilinoi ce jiha ta farko da majalisa ta yi shi da kanta. Mu ma abin ba baƙo ba ne a takarda: dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas ta nemi a ɗauki amsa laifi a bidiyo ko a yi ta gaban lauya, ta tarayya ta 2015 ma ta kawo zancen. Aiwatarwa a caji ofis kuma magana ce daban.

Kada ka ɗauka Obama mai neman soke hukuncin kisa ne. Matsayinsa shi ne akwai laifukan da suka cancance shi, tsarin ne ya ruɓe. Sokewar sai a 2011 aka yi ta, kuma wanda ya ɗauki nauyin ƙudirin a majalisar dattawa shi ne Kwame Raoul, magajin Obama a kujerar, wanda daga baya ya zama babban lauyan jihar.

A shekarar 2003 ɗin dai aka yi dokar da ta wajabta wa ɗan sanda rubuta launin fatar duk direban da ya tsayar, a tara alƙaluman a ga ko ana ware baƙar fata. A nan ne maganar ubangida ta fito fili. Rickey Hendon ya shafe shekaru yana kawo irin wannan ƙudiri Pate Philip na binne shi, da rana ta yi sai Jones ya miƙa wa Obama. Hendon bai ɓoye haushinsa ba, kuma da gaskiyarsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da za a faɗa wa Obama shi ne shi ya iya shawo kan ƙungiyoyin 'yan sanda, abin da Hendon mai zafin baki zai sha wuya a kai.

Lafiya ita ce fannin da ya fi daɗewa a zuciyarsa, kuma nan ne nasararsa ta fi zama rabi-rabi. Ya faɗaɗa shirye-shiryen inshorar lafiya na jiha ga yara da iyayensu masu ƙaramin ƙarfi, dubbai suka shiga. Ya nemi a rubuta cikin tsarin mulkin jiha cewa kula da lafiya haƙƙin kowa ne, gyaran da aka sa wa sunan marigayi Kadinal Joseph Bernardin, babban limamin Katolika na Shikago, bai kai ko'ina ba. A 2004 ya kawo ƙudirin da ya fara da nufin kai jihar ga inshorar kowa da kowa, kamfanonin inshora suka matsa, ya ƙare a matsayin kwamitin nazari. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin yadda dokar lafiyarsa ta tarayya ta 2010 ta fito da kamfanonin inshora a tsakiyarta ba.

Akwai tabo biyu da ba zan tsallake ba. A majalisar dattawan Ilinoi maɓallin kaɗa ƙuri'a uku ne: kore na amincewa, ja na ƙi, rawaya na "ina nan". Tunda sai da ƙuri'ar amincewa 30 ƙudiri ke wucewa, rawaya daidai take da ja a lissafi, sai dai ba ta barin shaida. Obama ya danna ta sau 129 cikin ƙuri'u kusan 4,000. Wasu dabarar jam'iyya ce, kamar na ƙudirorin zubar da ciki, wasu kuma ya ce rubutun ya saɓa wa tsarin mulki. Amma akwai waɗanda ni ban ga komai a cikinsu ba sai taka-tsantsan na mai hangen kujera ta gaba, kuma Hillary Clinton ta caccake shi da su a 2008. Na biyu shi ne Tony Rezko, dillalin gidaje da ke cikin masu ba shi kuɗin kamfe tun 1995, wanda aka samu da laifin zamba a 2008. Ba a tuhumi Obama da komai ba, amma wasu gidajen talakawa na kamfanin Rezko da suka lalace a cikin gundumarsa suke.

To, batun baki fa? Yana da kaso, kuma babba. Jawabinsa na 2 ga Oktoban 2002 a Shikago, inda ya yi adawa da yaƙin Iraƙi, ba aikin majalisar jiha ba ne, ba shi da ƙuri'a a kan yaƙi, amma shi ya zama makaminsa a kan Clinton wadda ta amince da yaƙin. Jawabin taron jam'iyya a Boston a Yulin 2004 ne ya sa Amurka ta san shi. Sa'a ma ta yi aiki: manyan abokan takararsa biyu na kujerar sanatan tarayya, Blair Hull da Jack Ryan, takardun shari'ar sakin aurensu ne suka kayar da su, ya ci zaɓen da kashi 70. Sai dai lokacin da ya tsaya yana cewa shi mai iya aiki da abokan hamayya ne, yana da shaidu daga Springfield. A 2007 Kirk Dillard, ɗan Rifablikan ɗin nan na dokar ɗa'a, ya fito a tallan kamfen ɗin Obama a jihar Iowa yana yabon yadda suka yi aiki tare. Da Dillard ya nemi takarar gwamna a 2010, 'yan jam'iyyarsa suka yi ta goranta masa wannan talla, ya rasa tikitin da ƙuri'a 193.